Yadda Idwal Ya Kashe Iya Lali da Fenti

Shekara shida kacal Idwal Prydderch ya yi a ƙauyenmu na Llangwynlas, amma in ka ji shi yana ba da tarihin garin, sai ka rantse shi ya riƙe wa magina tsani ranar da aka yi wa coci rufi. Daga Swansea ya zo, bayan ya ajiye tuƙin bas na shekara talatin, ya biyo matarsa Morfudd gidan iyayenta. Da zama ya ishe shi, sai ya sayi gilashin ƙara girman rubutu, da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, da hula mai faɗi, ya naɗa kansa masanin asali.

"Ku ba ni suna ɗaya da dutsen kabari ɗaya," haka yake cika baki a shagon shayin Menna, "in ban kai ku ga kakanku na goma sha biyu kafin shayin nan ya huce ba, ku sake mini suna."

"Ai mun daɗe da sake maka," in ji Dai mai gyaran tarakta. "Ba ka ji ba? Idwal Bas."

Kuma gaskiyar Dai ce. A nan ba a kiran mutum da sunan da ke takardarsa, don in ka tsaya a tsakar gari ka ƙwala kiran Jones ko Evans, rabin garin ne zai waiwayo. Kowa da sunan gonarsa ko sana'arsa ake kiransa, har wasu su tsufa a manta sunan yankansu. Wannan ne Idwal bai taɓa tsayawa ya koya ba.

Wata Lahadi, bayan an tashi addu'a, Fasto Heledd ta ɗaga wata wasiƙa. Baƙuwa ce ita ma, coci biyar take zagayawa, ba ta gama sanin fuskokinmu ba tukuna. Ta ce wasiƙar daga Patagonia ta zo, wani yanki mai nisa can ƙetaren teku, daga wata mata mai suna Nélida Rowlands. Kakanta Caradog ya bar ƙauyen nan yana saurayi, ya bar ƙanensa Huw. Huw ya haifi 'ya, Gwenllian, daga nan wasiƙu suka yanke. Nélida za ta zo ran Asabar mai zuwa, tana roƙon ko akwai wanda ya san abin da ya sami danginta.

Kafin kowa ya buɗe baki, Idwal ya tsallake benci biyu ya warce takardar.

"An gama! Fasto, ki rubuta mata ta kwantar da hankalinta. Ta faɗo hannun gwani."

Washegari da sassafe ya shiga maƙabarta da buhun fulawa a kafaɗa. Ya karanta a wani wuri cewa in aka shafa wa tsohon dutse gari, rubutun da ya dushe yakan fito sarai. Ya bi kaburbura yana watsawa, yana shafawa, har wurin ya yi fari fat. Abin da ya manta shi ne, tumakin gonar da ke maƙwabtaka ne ke kiwo a nan don su rage ciyawa. Yana gama shafa dutse, tunkiya za ta bi bayansa ta lashe tas. Ya kore su da hula, suka zagayo. Ya sunkuya yana karanta dutsen wani Evans, sai ragon garken ya hango farin gari a bayan wandonsa, ya ja da baya taku uku, ya zo a guje.

Dai, wanda ke jingine da katanga tun ɗazu yana cin tuffa, ya ce bai taɓa ganin mutum ya tsallake kabari biyu ba tare da ya taka ƙasa ba.

"Ka sami kakan na goma sha biyu?" ya tambaya.

"Aiki nake, Dai."

"Na gani. Shi ma ragon aiki yake."

Sai dai faɗuwar ta yi rana. Inda Idwal ya kife, hancinsa ya yi daidai da wani baƙin dutse a gindin tsohuwar bishiya. Huw Rowlands, 1898 zuwa 1969. Matarsa Sara, 1904 zuwa 1987. A ƙasa kuma: Da 'yarsu Gwenllian, 1933. Bayan shekarar sai ɗan layi, daga nan dutse sumul, babu komai.

Ya tashi yana ɗingishi ya nufi gida, fuskarsa fari fat kamar fatalwa.

"Morfudd! Na same ta! Allah sarki, ta riga mu. Ruwan sama ne ya cinye shekarar rasuwar."

Morfudd ta ajiye cokali. "Maigida, ai Gwenllian Rowlands ɗin nan..."

"Kada ki gaya mini komai. Jita-jitar mata ita ke ɓata bincike."

"Ni dai so nake in ce maka..."

"Morfudd, ke an haife ki a garin nan ne kawai. Ni kuwa nazarinsa na yi."

Morfudd ta dube shi, ta dubi fulawar da ya zubar mata a daɓe, ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da juya miya.

To, abin da take son faɗa, kuma duk wanda ya haura saba'in a garin ya sani, shi ne: Gwenllian Rowlands ita ce Iya Lali ta gonar Penrallt. Shekararta casa'in da ɗaya, da ranta, da lafiyarta, da bakinta mai kaifin reza. Ita ta sa aka sassaƙa sunanta tun ranar da aka binne mahaifiyarta, wai ba ta yarda wani sakarai ya rubuta mata shi daidai ba in ta mutu.

Idwal ya fara da Fasto. Ta buɗe littafin binne mamata, ta bi shi shafi-shafi.

"Babu Gwenllian a nan," ta ce.

"Littafi ɗan Adam ne ya rubuta shi, Fasto. Dutse ba ya ƙarya."

Daga nan ya hau tudu zuwa gidan Baba Tudur, tsohon makiyayi mai shekara tamanin da takwas, wanda kunnensa ɗaya ya yi ritaya, ɗayan kuma yana aikin rabin rana.

"Baba, ka san Gwenllian Rowlands?"

"Romo? Na sha tun ɗazu."

"GWENLLIAN ROWLANDS!"

Fuskar tsoho ta murtuke. Ya buga sanda a ƙasa. "Kada ka ƙara kawo sunan nan gidana, yaro. A wurina ta mutu."

"Madalla! Wato, Allah ya ji ƙanta. Yaushe ne, Baba?"

"Tun shekarar da aka ƙona tumaki saboda annoba."

Idwal ya rubuta 2001 da manyan lambobi, ya ja layi biyu a ƙasa, ya yi waje. Da ya ƙara minti ɗaya, da ya ji sauran: a shekarar ne Lali ta ce, a gaban jama'a, karen Tudur ya fi Tudur sanin kiwo, kuma tun daga ranar ba su ƙara gaisawa ba.

Sai gidan tagwaye, Goggo Ceridwen da Goggo Buddug, waɗanda suka yi shekara tamanin suna zaune ɗaki ɗaya ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Gwenllian?" in ji Ceridwen. "Ai ita ce ta faɗa kogi."

"Ba faɗawa ta yi ba, shiga ta yi," in ji Buddug.

"Faɗawa ta yi, ina wurin."

"Kina wurin kina kallon ɗan mai burodi. Ɗan rago ta bi, ruwa ya ja ta."

"Maraƙi ne."

"Ɗan rago!"

"Ruwa ya ja ta," Idwal ya maimaita, alƙalaminsa na gudu. "Garin ceton dabba. Kai, jaruma!"

"Sai can ƙarƙashin gada aka..." Ceridwen ta fara.

"Ya isa, Goggo, kada ki tayar wa kanki da hankali. Na fahimci sauran."

Ya fita ya bar su suna musu a kan ko wane ne ya tsamo Lali daga ƙarƙashin gada a 1954, tana zagin kowa, da ɗan ragon a hammata.

Da yamma Dai ya tare shi a hanya, idanunsa na ƙyalli.

"Gwani, ka je Penrallt kuwa? An ce babu wanda ya san Gwenllian kamar Iya Lali."

Ya tarar da ita a kicin tana yanka burodin zabibi, 'yar ƙaramar tsohuwa mai doguwar haɓa. Ta zuba masa shayi ba tare da ta tambaye shi ba.

"Iya, na zo ne a kan marigayiya Gwenllian Rowlands."

Wuƙar ta tsaya cak a tsakiyar burodin. "Marigayiya wa?"

"Na sani, da ciwo. An ce kun shaƙu."

Lali ta daɗe tana dubansa ta saman tabarau. Sannan ta ja kujera ta zauna a hankali.

"Mun shaƙu ƙwarai," ta ce. "Gado ɗaya muke kwana. To, gaya mini, ɗana, me ya kashe ta?"

Idwal ya gyara zama. Ya ba ta labarin ambaliya, da ɗan rago, da yadda marigayiya ta ɗaga dabbar sama da hannu biyu ruwa na cin ta. Wannan na ƙarshen a hanya ya ƙago shi, amma ya zauna daram.

"Oh, baiwar Allah," in ji Lali. "Ni kuwa ko labari ban ji ba. An yi mata jana'iza mai kyau?"

"Abin takaicin ke nan, Iya, ko a littafi ba a rubuta ta ba. Amma ran Asabar zan share mata hawaye. Taron tunawa, da mawaƙa, da jawabi daga bakina."

"Jawabi! Za ka yabe ta?"

"Sai duwatsu sun yi kuka."

"To, ka ajiye mini kujera a gaba. Ƙara burodi."

Yana fita ta ɗauki waya. Kafin Idwal ya sauko daga tudu, gari duka ya samu umarni: duk wanda ya yi gigin gaya masa, ita da shi ne. Ta ce shekara casa'in da ɗaya tana jiran wani ya faɗi alheri a kanta, ba za ta bari a hana ta ji ba.

Kwana uku garin ya zama kamar gidan biki. In Idwal ya shigo shagon Menna, sai kowa ya ɓoye fuska a kofi. Ƙungiyar mawaƙan maza, waɗanda sai an yi ta lallashi suke zuwa gwaji, duk su ashirin da biyu suka ba da suna. Idwal ya ɗauka darajarsa ce.

"Kin gani?" ya ce wa Morfudd. "Gari ya fara gane wanda yake da shi."

"Sun gane sarai," in ji ta.

Ran Juma'a wani tunani ya zo masa. Yaya mace za ta ƙetaro teku ta tarar da kabarin 'yar'uwarta babu shekara? Ya sayo gwangwanin fenti mai ruwan zinariya, irin wanda ba ya fita, ya durƙusa gaban dutsen ya rubuta 2001. Biyun ta fito kamar agwagwa. Sifilin farko ya zubo da hawaye har ƙasa. Ya sa hannun riga ya goge, hannun riga ya manne. Ya ja, ya bar zare a jikin dutse. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ga ashe wuri ya rage, sai ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: Ruwa ya ci ta. Sannan ya lulluɓe komai da zanen teburin Morfudd na Kirsimeti.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Shi da kansa ya ɗauko Nélida daga tasha. Doguwar mace ce mai kimanin shekara sittin, tana magana da harshenmu tsaf, da wani ɗan lanƙwasa mai daɗi irin na can. A mota ya sanar da ita, cikin muryar da ya yi kwana biyu yana gwadawa a gaban madubi, cewa ta makara da shekara ashirin da uku. Ta rungume jakarta, ta juya tana kallon tuddai.

Maƙabarta ta cika maƙil. Har Baba Tudur an turo shi a keken guragu, don an ce masa za a raba romo. Iya Lali na kujerar gaba cikin baƙar hula mai gashin tsuntsu, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

Mawaƙa suka rera waƙa ɗaya, suna ta danne dariya. Idwal ya hau kan akwatin lemo, ya buɗe baƙin littafi.

"Jama'a, Gwenllian Rowlands mace ce mai sanyin hali."

Wani daga cikin masu babbar murya ya yi tari mai kama da haushin kare.

"Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba."

"Wa ake nufi?" Tudur ya tambaya da ƙarfi.

"Ci gaba, ɗana," in ji Lali. "Kyau fa? Ba ka ce komai a kan kyau ba."

"Kyakkyawa ce, Iya, son kowa."

"Samari fa?"

Idwal ya leƙa littafi, babu samari a ciki. "Samari... layi suke yi."

"Har ina?"

"Har... har bakin gada."

Dai ya zauna a kan kabarin wani Evans ya cusa hula a baki. Tagwaye suka riƙe juna, karo na farko a rayuwarsu. Fasto Heledd na ta waige-waige, ta rasa abin da ke damun mutanenta.

Idwal ya kai ga ambaliya. Ya ɗaga hannu biyu sama yana nuna yadda aka riƙe ɗan rago, akwatin lemo ya yi ƙara, ƙafarsa ɗaya ta burma ciki. Bai fasa ba. Da akwatin a ƙafa ya ja jiki zuwa dutsen, ya fizge zanen tebur. Rabin zanen ya biyo shi, rabi ya zauna a fenti, da hoton barewar Kirsimeti daidai kan sunan Huw.

Dariyar da aka danne kwana uku tana gab da fashewa, sai Nélida ta fito. Ta durƙusa a kan ciyawa, ta buɗe jaka, ta ciro wata 'yar rigar sanyi ta jarirai, saƙar hannu, wadda ta yi rawaya don tsufa.

"Kakata ce ta saƙa miki, da aka aiko cewa an haife ki," ta ce wa dutsen. "Ba a sami mai kawowa ba. Babana ya ce in na zo in ba ki hannu da hannu, in ce ba mu manta ba." Muryarta ta karye. "Ki yafe mana, Goggo. Mun daɗe a hanya."

Dai ya cire hula daga baki. Murmushin Iya Lali ya ɓace, ta dafa sanda ta miƙe.

"Kai, wasan ya isa haka. Tashi, 'yata, ciyawar da laima. Kawo rigar."

Nélida ta ɗago.

"Ni ce Gwenllian. Ban mutu ba, wannan sakaran ne ya kashe ni da fenti. Ni kuma na biye masa don in sha yabo, ban tuna da ke ba. Ki yafe wa tsohuwa." Ta kama haɓar Nélida ta juya ta wajen haske. "Dubi nan. Haɓar gidanmu ce, ko a duhu na gane ta. Duk mun sha wahalar ta."

Nélida ta yi wata ƙara, rabi kuka rabi dariya, ta rungume tsohuwar har hular gashin tsuntsu ta faɗi. Nan fa maƙabarta ta kece. Masu kuka na yi, masu dariya na yi, mawaƙa suka ɓarke da waƙa ba wanda ya ba su umarni.

Idwal na tsaye da rabin zane a hannu da akwati a ƙafa.

"Amma... Baba Tudur ya ce ta mutu!"

"Na ce a wurina!" in ji Tudur, wanda kunnensa ya dawo aiki ba zato. Ya harari Lali. "Ashe ma ruwa ya ƙi ki."

"Kai ma ga ka nan, kabari ya ƙi ka. Yaya karen?"

"Ya mutu."

"Allah sarki. To wa ke yi maka tunani yanzu?"

Haka suka yi maganarsu ta farko cikin shekara ashirin da uku, kuma Menna ta rantse ta ga tsohon yana murmushi.

Fasto Heledd ta matso kusa da Idwal. "Dutse ba ya ƙarya, ko?"

Idwal ya dubi jama'a, ya dubi matan biyu da ke riƙe da 'yar riga a tsakaninsu. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"To, ni me na ce? Na ce zan samo mata danginta ko ban ce ba? Ga su nan, cikin kwana shida! Ku nuna mini wani masanin da ya taɓa neman mamaci ya kawo shi da rai."

"Maigida," in ji Morfudd, "cire akwatin mutane mu tafi gida. Kuma zanen teburina yana wuyanka."

Nélida ta fasa masaukin da ta kama, ta tare a Penrallt wata guda cur. Ran Litinin kuwa, ana yayyafi, duk wanda ya bi ta maƙabarta ya ga Idwal a durƙushe da buroshin ƙarfe da kwalbar kananzir. Iya Lali na zaune a kujera a kan kabarinta, Nélida na riƙe mata da laima, ita kuma tsohuwar tana nuna masa da sanda.

"Ga sauran agwagwar can. Kankare da kyau, ɗana, amma kada ka ƙwarzane mini dutse. Wurin nan zan yi amfani da shi."

"In lokacin ya yi, Iya," in ji Idwal, yana share gumi, "ni zan rubuta miki shi da hannuna, kyauta. Yanzu na gane kan fentin."

Lali ta dubi Nélida, ta dubi sama.

"Kin ji ko? Yanzu dole in jira sai ya riga ni."